Kyanwar Hajja Mairo da Ƙirjin Inna

Da sunan Allah nake farawa. Ni ba mai dogon karatu ba ce, aji huɗu na yi a Sudan kafin jirgin ruwa ya sauke mu a Jidda, ni da mahaifiyata da wana Bashir. Amma jinyar da na yi wa Inna ta daɗe tana ci mini rai, kuma har yau ina ganin mata suna yin abin da na yi da kyakkyawar niyya. Shi ya sa na ce bari in rubuta yadda abin ya faru, ko wata za ta tsirar da nata tsohon.

A shekarun da talbijin ya fara shigowa unguwa muna zaune a Sharafiyya, a wani gida mai ɗaki biyu da ɗan tsakar gida. Unguwar ba ta cika kamar yanzu ba. Da safe mai ruwa yakan shigo da garwa biyu a kafaɗa ya cika mana randa, ƙanshin gurasar tamis yana tasowa daga tanderun bakin layi, da la'asar kuma iskar teku ta shigo, mata su fito da tabarmi. Kowa ya san tarin kowa. Inna tana soya gyaɗa tana sayarwa a ƙofar makaranta, ni ina taya ta tun da aurena ya mutu na dawo gida, Yaya Bashir kuma yana tuƙa motar kafilinsa, Balaraben da ya tsaya masa a takardar zama, a tashar jiragen ruwa.

Kowace Juma'a Inna takan kai abinci rubaɗi, wato gidan wakafi inda tsofaffin matan da suka zo Hajji ba su koma ba suke ƙarasa kwanakinsu. A can akwai Hajja Mairo, 'yar garinsu. Duk kyanwar da aka jefa ko aka karya a unguwar, wajenta take ƙarewa. Da ciwo ya kwantar da ita sai ta fara rabar da su. Ranar da muka je, saura ɗaya, wata toka-toka mai tsagaggen kunne, wadda ban ga komai nata ba sai ido biyu a bayan akwati.

Hajja Mairo ta ce, "Ummu Bashir, an kwashe masu kyau, wannan ce ta rage. Ba ta son hayaniya, ba ta son a kalle ta. An wulaƙanta ta tun tana ƙarama. In kin san ba za ki iya ba, faɗa mini yanzu, kada ki ji kunyata."

Inna ta yi dariya ta nuna ni. "Hajja, ni da na reni Rabi? Wannan sai da ta shekara bakwai tana ɓuya a bayan zanena in an yi sallama."

"To amana ce. Kada a jefa mini ita titi."

"Na karɓa," in ji Inna.

Da muka iso gida kyanwar ta shige ƙarƙashin karawita, dogon bencin nan mai katifa da ke ɗakin Inna, ba ta sake fitowa ba. Inna ta sa mata suna Amarya, wai saboda kunya. Ta kwashe aikinta daga tsakar gida ta koma ɗakin, ta zauna a ƙasa tana ɓarar gyaɗa, tana 'yan waƙe-waƙenta a hankali, ba ta ko waiwayar bencin. In na leƙa sai ta ce, "Janye idonki, kina mayar mana da aiki baya."

Ni kuwa Allah ya yi ni da damuwa. Sau biyu na aika a tambayar mini liman ko bakin kyanwa najasa ne, sau biyu ya ce ba najasa ba ne, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Na ji tsoron ta fice ta taga amana ta salwanta, sai na rufe tagar na cusa tsumma a ramukan. Na ji tsoron kuma baƙi su shigo su ji warin farantin yashin da take kewayawa a ciki, a fita ana cewa gidan Ummu Bashir wari yake. Ƙanwar Inna, Khala Safiya, ita ke haɗa wa amaren unguwa turaren wuta irin namu na Sudan, mai itacen sandal da sukari, kuma ba ta barin kwalbarmu ta ƙare. Da can ranar Juma'a kaɗai muke kunnawa, ko in an yi baƙi, shi ma a tsakar gida. Yanzu sai na koma kai kasko ɗakin safe da rana da yamma, in ja ƙofa don ƙanshin ya kama. Inna tana ciki tana aikinta. Takan ce, "Rabi, ya yi yawa." Ni kuma in ce, "Yanzu zai lafa."

A mako na uku tari ya fara, busasshe, ba kaki. Muka ce sanyin randa ne. Maƙwabciyarmu ta kawo habbatussauda da zuma, wata ta ce a dafa citta, wani abokin Yaya da ya dawo daga Makka ya ba mu ruwan Zamzam. Duk mun yi.

A mako na huɗu na fara jin ƙirjinta yana fito, kamar an hura ƙaramar sarewa. In ta yi ruku'u sai ta daɗe kafin ta ɗago. Ta daina kai gyaɗa makaranta, ni nake kaiwa, kuma kafin in fita sai na ƙara mata garwashi a kasko don kada ɗakin ya yi wari kafin in dawo.

Mako na biyar muka tafi asibitin gwamnati. Bayan sallar asuba muka fita, na ƙulle iƙamominmu, takardun izinin zamanmu, a gefen mayafi, na kwance na duba sau uku a hanya. Mun tarar da layin mata ya kai bakin ƙofa, 'yan Yaman, 'yan Jawa, mutanenmu, kowa da kwalbar da za a zuba masa magani. Wata tsohuwa 'yar Hadramaut ta ga yadda Inna ke jan numfashi ta ba mu wurinta, Allah ya saka mata, ban ko tambayi sunanta ba. Sai kusan azahar muka shiga. Likitan Bamisire ne, ga gajiya a fuskarsa. Ya ɗora abin saurare a bayanta, ya ce rabu ne, wato fuka. Tambaya ɗaya ya yi.

"Fi bissa fil bet?" Wai akwai kyanwa a gida?

Na ce akwai. Ya karkaɗa hannu ya ce, "Barra," wato a fitar da ita waje. Ya rubuta takarda, aka kira na gaba. Ba na zaginsa, mutum ɗaya ne da layi har titi. Amma da ya ƙara tambaya ɗaya tak, da an rage mana wahala.

A gida Inna ta ce ba inda kyanwa za ta. A makon ne Hajja Mairo ta rasu, kuma a makon ne Amarya ta fara fitowa. Na gani da idona daga tsakar gida: ta fito tana rarrafe da ciki, ta shinshina yatsan ƙafar Inna, ta kwanta a gefen zanenta. Inna ba ta motsa ba har ƙafarta ta yi sanyi, tana danne tari don kada ta razana ta, hawaye na zubo mata saboda dannewar.

Khala Safiya ta zo ta tsaya a ƙofa. "Yaya, don Allah ranki ko mage? Likita ya ce barra, ke kin ce a'a. Ko kin fi shi karatu?"

"Mai ita tana kabari, Safiya. Wa zan mayar wa?"

"To khalas, ki mutu ki kai mata da kanki."

"In na riga ki, ki gaji kyanwar," in ji Inna, suka yi dariya har tari ya sarƙe ta.

Kafin Khala ta tafi ta ja ni gefe ta ce tunda an ƙi fitar da ita, in riƙa haɗa luban da jawul a kaskon, hayaƙinsu yana kashe gashin kyanwa a iska kuma yana buɗe ƙirji. Na ji daɗin samun abin yi. Na ƙara.

Mako na shida allura ce kullum a wajen mai kantin magani. Kuɗin taksi da na allura suka cinye jarin gyaɗa, Yaya ya daina shan shayin waje. Wani ya ce a kai ta a yi mata lalas a ƙirji da ƙarfe mai zafi, Allah ya taimake ni na ƙi, ba don ilimi ba, don tsoro.

A mako na bakwai, ranar Talata bayan azahar, na dawo daga makaranta na same ta a durƙushe ta dafa bencin, leɓɓanta sun yi baƙi, ba ta iya kiran sunana. Maƙwabta suka tare mota. A asibiti aka ɗora mata abin iska a hanci aka ba ta gado.

Washegari Yaya Bashir ya shigo da buhun shinkafa ba komai a ciki. "Yalla, Rabi, fito da ita. Kasuwar kifi zan kai ta, can ba ta rasa abinci."

Na ce, "Yaya, wannan ko tsakar gida ba ta sani ba. Kwana ɗaya ba za ta yi a can ba."

"Uwarki na kwance kina mini zancen mage?"

Na roƙe shi har ya yarda a mayar da ita rubaɗi. Ya ce to in kamo ta da kaina, shi ba ya shiga ƙarƙashin benci. Na kwanta a ƙasa na miƙa hannu. Da farko ba ta gudu ba, domin ta saba ganina ina ajiye mata abinci. Sai da na damƙi wuyanta ta gane. Ta yage mini hannu, ta yi wani kuka da ban taɓa jin irinsa ba, ta yi fitsari a buhun. A rubaɗi na kwance bakin buhu, ta fice kamar an harba ta, ta shige bayan tankin ruwa.

Na dawo na wanke ɗakin, na rufe shi, na kwana uku ina turara katifa da matasai da tufafin Inna ɗaya bayan ɗaya, don kada gashi ko ɗaya ya rage.

Inna kuwa kwana biyar ta yi a asibiti ta miƙe kamar ba ita ba. Kowa ya ce ga shi nan, an raba ta da kyanwa ta warke. Duk zuwan da zan yi sai ta tambaye ni, "Amarya tana ci?" Ni kuma in ce, "Tana nan, Inna." Na riƙa gaya wa kaina ba ƙarya na yi ba, tunda tana nan a duniya. Amma bayan kowace sallah sai na yi istigfari a kan kalmar.

Ranar da aka sallame ta matan layi suka cika gidan. Khala ta tare ta a ƙofa da kasko, ta zagaya ta da hayaƙi sau uku kamar yadda ake yi wa wanda ya tashi daga ciwo, ana guɗa. Aka shigar da ita ɗaki, aka kwantar da ita a kan katifar da na turara. Tana ƙoƙarin sunkuyawa ta leƙa ƙarƙashin benci, mata na hana ta da gaisuwa. Ba a kira la'asar ba sarewar nan ta dawo, ta fi ta da. Ko shayin ba a sha ba muka koma asibiti.

Wannan karon wani likita muka samu, dattijo, mutumin Sudan. Bayan an sa mata iska ta ɗan dawo, ya sunkuya zai saurari ƙirjinta, sai ya tsaya. Ya kama gefen mayafinta ya shinshina.

"Ya Hajja, biki kika je daga nan?"

Na ce a'a, turaren gida ne. Ya juyo gare ni. Sau nawa ake kunnawa? Na ce sau uku. A ina? A ɗakinta. Taga a buɗe? Na ce a rufe, saboda kyanwa. Tun yaushe? Na ce tun ranar da kyanwar ta zo.

"Yau da ta koma, kyanwar tana ɗakin?"

Inna tana kallona ta saman abin iskar. Na duba ƙasa, na duba likita. Na ce, "Ba ta nan. Kwana huɗu ke nan da aka fitar da ita."

Ya ce, "To bissa ta fita, Hajja ta faɗi. Wa ya rage a ɗakin, 'yata?"

Kuka ya ƙwace mini. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce mahaifiyarsa ma haka take da kasko, ba a raba ta da shi. Ya ce akwai waɗanda gashin kyanwa ke tayar wa fuka, wannan gaskiya ne, kuma in ya zama haka za mu gani nan gaba. Amma hayaƙi a rufaffen ɗaki, ga mai irin wannan ƙirji, ba sai an jira an gani ba. Ya ɗaga yatsa ya ce, "Bakhur mamnu'." An hana turare. Waɗannan kalmomi biyu sun zauna mini a kai har yau. Allah ya jiƙansa in ya rasu, in yana raye ya ƙara masa lafiya.

Inna ta juya fuskarta bango. Sai washegari da na kawo mata kunu ta yi mini magana.

"Ina take?"

"Rubaɗi, Inna."

"Wa ya kama ta?"

"Ni."

Ta daɗe tana juya cokali. "Hayaƙin ban riƙe ki ba, Rabi, tsafta kika nufa, ni ma ina zaune ban hana ki da ƙarfi ba. Amma da kin ce mini an fitar da ita, da na yi kukana sau ɗaya na huta."

Mako biyu ta ƙara a asibiti. Muka kira mai shiɓar auduga ya farke katifar ya sake ta, Yaya ya shafe ɗakin da farar ƙasa, na wanke tufafinta sau uku na shanya a rana, na cire tsummokaran taga. Khala Safiya ta yi fushi, ta ce shekara ashirin tana turara amare ba wadda ta mutu. Kwana goma ba ta zo ba. Ranar da ta zo, da miyar kuka a kwano, ta tsaya a ƙofa ta buɗe hannuwa.

"Shinshina ni, Yaya. Da sabulun wanki na yi wanka saboda ke. Mijina ya ce ya auri mai wanki."

"Gara haka," in ji Inna, "da can ma ƙanshin ne kawai ke riƙe shi."

Da ƙafar Inna ta yi ƙwari ta ce a kai ta rubaɗi. Yaya ya yi ta magana, ta ce masa likita ya ce a gwada, kuma za ta gwada. A bakin ƙofa ta ce mini, "Ke tsaya a nan, kada ta ji muryarki." Haka muka yi ta zuwa kowace la'asar. Ni a waje a kan dakali, ina jin tsofaffin suna tsokanarta, wai Ummu Bashir ta zo bikon amarya. Ta tsagar ƙofa nake hango ta zaune kusa da tankin, ta ajiye kwandon gyaɗarta da ɗan kifi a ciki. Kowane tari ta yi sai gabana ya faɗi. A rana ta sha ɗaya ta fito riƙe da kwandon a ƙirji, ta lulluɓe shi da mayafi, ta yi mini alama da ido in bi ta a baya, nesa.

Na yi wata guda ina sauraren numfashinta kamar mai gadi. Kyanwa a ɗaki, taga a buɗe, kasko a can bayan gida a kife. Sarewar ba ta dawo ba. Fukar ba ta rabu da ita gaba ɗaya ba, in zafi da gumin teku suka yi nauyi takan taso, mu je a yi allura mu dawo. Amma ba ta sake kwana a asibiti ba, kuma ta koma ƙofar makaranta da farantinta. Shekara tara Allah ya ƙara mata.

To 'yan'uwana mata, ga abin da na sani. In tsohonku ko ɗanku yana tari yana fito, ku fitar da kasko daga ɗakinsa, ku buɗe taga, ko da baƙi za su ce gidan ba ƙanshi. In likita ya tambaye ku abu ɗaya, ku gaya masa har abin da bai tambaya ba. Ni ban ga turare a matsayin abin faɗa ba, domin a cikinsa aka haife ni.

Amarya ta zama ta Inna ita kaɗai. Tana kwana a ƙafarta, tana rakiyarta har bakin ƙofa, har Yaya Bashir ta yarda ya shafa ta daga baya. Ni kuwa in na shigo ɗaki sai ta fita. Ni ke dafa mata kifi, ni ke sauya mata yashi, amma ba ta cin abin da na ajiye sai na bar wurin. Da Inna ta rasu muka rage daga ni sai ita a ɗakin, ta tsufa, ni ma na fara. Wata rana da hantsi, bayan an yi arba'in, na ajiye mata kwano, gwiwata ta riƙe, na kasa tashi nan da nan, sai na zauna a ƙasa. Ta fito ta tsaya tana kallona, ta daɗe. Sai ta sa baki ta ci, ina zaune. Ban miƙa hannu ba, ranar da duk ranakun da suka biyo, har ta mutu bayan shekara ɗaya da 'yan watanni. Iyakar abin da ta ba ni ke nan, kuma ban ga laifinta ba.

Allah ya jiƙan Inna da Hajja Mairo, ya yafe mini abin da na yi da sani da wanda na yi da rashin sani.